Daga Jakar Wasiƙu: Wane Haɗari Ke Kan Masu Zama Kusa Da Tashar Nukiliya?

TAMBAYA: Takardarmu ta wannan mako ta fito ne daga wani mai sauraronmu a ƙaramar hukumar Makoɗa ta jihar Kano, wanda ya ce shi manomi ne da damina, da rani kuwa yana kai hatsi kasuwar Dawanau. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ya ce sun ji a rediyo wai Nijeriya na son gina tashar lantarki ta nukiliya, har gardama ta sarƙe a majalisarsu ta gindin dalbejiya. Wasu sun ce duk wanda ya zauna kusa da irin wannan tasha ciwon daji zai kashe shi, wasu sun ce ai tuni akwai ɗaya a Zariya kuma ba abin da ya faru. Yana so a warware masu: mene ne gaskiyar haɗarin, kuma zai iya iso su har gida?

AMSA: To, Malam, mun gode da wannan takarda, kuma a gaishe mana da 'yan majalisa. Kowane ɓangare ya riƙo wani abu na gaskiya, amma ba wanda ya riƙo ta duka.

Mu fara da abin da zai kwantar maka da hankali. Babu tashar lantarki ta nukiliya a Nijeriya, ba kuma a aza tubalin ko guda ba. A duk faɗin Afirka guda ɗaya ce ke aiki, watau tashar Kubag da ke kusa da birnin Kef Tawun a Afirka ta Kudu, wadda ta fara ba da wuta a 1984. Masar ta soma gina tata a El Daba'a a 2022. A nan gida kuwa, wuraren da aka ambata su ne Geregu a jihar Kogi da Itu a jihar Akwa Ibom, kuma a 2017 an sa hannu a kan yarjejeniya da kamfanin Rosatom na ƙasar Rasha. Magana ta tsaya a takarda. Ka lura duka wuraren biyu a bakin manyan koguna suke, domin irin wannan tasha ba ta rayuwa sai da ruwa mai ɗimbin yawa, rani da damina. Ruwan madatsar Tomas da kuke noman rani da shi ba zai ishe ta ba.

Ta Zariya kuwa akwai ta, amma ba tashar lantarki ba ce. 'Yar ƙaramar tukunyar nukiliya ce ta bincike, ƙirar ƙasar Sin, tana Cibiyar Binciken Makamashi ta Jami'ar Ahmadu Bello, kuma ta fara aiki a 2004. Zafin da take fitarwa kamar kilowat 30 ne, watau kwatankwacin dutsen guga na lantarki guda talatin a jone lokaci ɗaya. Cikinta inda man yake bai wuce girman bokiti ba. Da ita ake auna abin da ke ƙunshe cikin ƙasar noma, da taki, da duwatsun ma'adinai. Tukunya ɗaya ta babbar tasha ta ninka ta wajen sau dubu ɗari. A 2018 ma an cire mata ainihin man da ta zo da shi, mai ƙarfin da za a iya haɗa makami da irinsa, aka mayar da shi Sin, aka sa mata mai rauni. Saboda haka mai cewa "ga ta Zariya ba ta yi komai ba" kamar mai kwatanta aci-balbal ne da gobarar daji.

Yanzu bari mu dubi ita babbar tashar. Kada sunan ya ruɗe ka, tukunyar dafa ruwa ce. Ana tafasa ruwa, tururinsa ya juya wata ƙatuwar fanka, fankar ta juya injin da ke ba da wuta. A Kainji ruwan da ke gangarowa ne ke juya fankar, a nan kuwa tururi ne. Bambancin yana wurin makamashin. Ba itace ba ne, ba gawayi ba, wani ma'adini ne da ake kira yuraniyam. Ƙwayoyin zarrar da ke cikinsa ne ake fasawa, su fid da zafi mai tsanani. Amma idan sun fashe sukan bar wata irin "toka" mai fid da wani tiriri wanda ido ba ya gani, hanci ba ya ji, harshe ba ya ɗanɗana. Turawa na ce masa radiyeshan. Dangin hasken nan ne da ake ɗaukar hoton ƙirji da shi a asibiti, mai ratsa tsoka. Kaɗan ba ya komai, kullum ma muna shan ɗan kaɗan daga ƙasa da duwatsu da sararin sama. Idan ya yi yawa a lokaci guda sai ya ƙona mutum ba wuta, ya kashe ɓargo. Idan kuma matsakaici ne, yana iya kwantawa shekara goma ko ashirin kafin ya fito a ciwon daji.

A ranakun da komai ke tafiya daidai, abin da ke fita daga tasha ya isa ga maƙwabta ɗan kaɗan ne ƙwarai, bai kai wanda mutum ke sha daga ƙasar da yake takawa ba. Wannan ita ce gaskiya, ko da ba ita masu gardama ke son ji ba. Sai dai akwai wani bincike da aka yi a Jamus aka fitar a 2007, wanda ya nuna yara 'yan ƙasa da shekara biyar da ke zaune cikin kilomita 5 daga tashoshi sun fi sauran yara kamuwa da sankarar jini kamar ninki biyu. Cutar ba ta da yawa tun asali, kuma irin wannan bincike a wasu ƙasashe bai fito da amsa iri ɗaya ba, don haka masana na ta muhawara a kai. Mu dai a ganinmu, hayaƙin janareta da ake kwana da shi a ɗaki ya fi wannan saurin kisa nesa ba kusa ba.

Babban haɗarin yana ranar da abu ya ɓaci. Wutar nukiliya ba kamar ta murhu ba ce da za ka watsa wa ruwa ka tafi barci. Ko an kashe tukunyar, tokar nan tana ci gaba da fid da zafi kamar garwashin da aka binne, dole famfo ya yi ta zagaya ruwa dare da rana. A Fukushima ta ƙasar Japan, ran 11 ga Maris 2011, girgizar ƙasa ta katse wuta, sa'an nan igiyar teku ta haura katanga ta cinye injinan ko-ta-kwana. Famfo ya tsaya, tukwane uku suka narke. Kafin wannan, ran 26 ga Afrilu 1986, tukunya ta huɗu ta tashar Canobil a Yukren, lokacin tana cikin Tarayyar Sobiyet, ta fashe cikin dare yayin wani gwaji, ta yi kwana goma tana tura guba sama.

A Canobil mutum biyu suka mutu a daren, wasu 28 daga cikin ma'aikata da 'yan kwana-kwana suka bi su cikin 'yan watanni. Garin Firifyat, mai mutum wajen dubu 49, kilomita 3 kacal daga tashar, ba a kwashe shi ba sai washegari da rana. Aka ce wa mutane su ɗauki kayan kwana uku. Har yau ba su koma ba. Daga nan aka shata da'ira ta kilomita 30 kewaye da tashar, aka fitar da mutum kimanin dubu 116 a wannan shekarar, daga baya aka ƙara tayar da wasu fiye da dubu 200.

A nan ne muke so ka tsaya, Malam, domin a nan maganar ta shafi manomi fiye da kowa. Abubuwa biyu ne suka fi ɓarna cikin abin da iska ta ɗauka. Na farko wani nau'in aidin ne mai guba. Ya sauka a kan ciyawa, shanu suka ci, ya fito a nono, yara suka sha. Jikin mutum kuwa yana tara aidin ne a maƙogwaro, daidai wurin da maƙoƙo ke fitowa, kuma ba ya bambanta mai kyau da mai guba. Ya zuwa 2005 an ƙirga sama da mutum 6,000 da suka kamu da ciwon dajin wannan wuri cikin waɗanda suke yara ko matasa lokacin hatsarin, a Belarus da Yukren da Rasha. Akasarinsu an yi masu aiki sun rayu, amma da tabo a wuya da shan magani har ƙarshen rai. Abin takaici, shi wannan aidin ƙarfinsa yana raguwa da rabi duk kwana takwas, bayan wata uku ya zama babu. Da hukuma ta fito fili tun ranar farko ta ce wa mutanen ƙauye kada a ba yara nonon shanun gida na 'yan makonni, da yawancin yaran nan sun tsira. Ɓoye magana ya cuce su kusan kamar yadda tukunyar ta cuce su. Ka auna da kanka yadda abin zai kasance a ƙasar da fura da nono ne abincin rana.

Na biyu shi ne siziyam, kuma shi ne maƙiyin gona. Nasa ƙarfin sai bayan shekara 30 yake raguwa da rabi. Wanda ya zuba a 1986, a 2016 ne ya koma rabi. Yana maƙalewa a 'yar fatar ƙasa ta sama, kuma shuka tana ɗaukarsa a matsayin sinadarin fotash, wanda yake ɗaya daga cikin ukun da ke cikin takin kamfa. Ta saiwa yake shiga ganye da ƙwaya da harawa, daga nan sai tuwo, sai nama. Ƙasa mai laka tana riƙe shi ta hana shuka, amma ƙasa mai yashi wadda ba ta da wadatar fotash sakinsa take yi. Kai ka fi mu sanin irin ƙasar da ke tsakanin Ɗambatta da Kazaure. A Belarus gonaki fiye da hekta dubu 250 aka hana nomawa. A Japan sai da aka kankare ƙasar sama ta gonaki aka ɗura a manyan buhuna aka jibge. Manomin Kano kuwa, wanda kakanninsa suka yi ta jigilar taki a mangala bisa jaki, suna noma gona ɗaya kowace shekara ba hutu, wannan 'yar ƙasar ta sama ita ce gadonsa. Idan aka kankare ta me ya saura?

Sa'an nan ga yawan jama'a. Yankin Canobil daji ne da fadamu, ƙauyuka jefi-jefi. Ƙasar Kano ta arewa kuwa gona na jingine da gona, ƙauye na hangen ƙauye. Da a ce za a kafa ƙusa a tsakiyar Ɗambatta a ja igiya ta kilomita 30, da ta haɗiye Makoɗa da madatsar Tomas, ta leƙa har Kazaure a jihar Jigawa. A ƙidayar 2006 ƙananan hukumomin Ɗambatta da Makoɗa kowacce ta haura mutum dubu 200. Su biyu kaɗai sun ninka waɗanda aka kwashe daga Canobil a shekarar farko fiye da sau uku, ba a ma ƙirga haihuwar da aka yi tun daga lokacin ba. Ina za a kai su, da rumbunansu da bisashensu? Ma'aikacin ofis albashinsa na binsa duk inda aka kai shi, gona kuwa ba ta shiga mota. Tashin kansa ma kisa yake yi. A Fukushima an tayar da mutum sama da dubu 150, kuma waɗanda wahalar ƙaura da zaman sansani da baƙin ciki suka kashe, akasari tsofaffi da marasa lafiya, sun haura 2,000, alhali tiririn kansa bai kashe ko kusa da haka ba. A Canobil wasu tsofaffin mata sun saci jiki sun koma ƙauyukansu, suka ce gara su mutu a gida.

Kai ɗan kasuwa ne, don haka ga naka kason. Bayan hatsarin Fukushima, tun daga 2012 aka shiga auna shinkafar jihar buhu-buhu, wajen buhu miliyan goma a shekara, kuma ko da awo ya nuna lafiya lau take, masu saye sun yi shekaru suna gudunta. Ka san halin kasuwa: ranar da aka ce waken wani yanki yana da magani, har na maƙwabta sai ya faɗi. A Birtaniya kuwa, mai nisan fiye da kilomita 2,000 daga Canobil, ruwan sama ya sauke siziyam a kan tsaunukan kiwo, kuma ba a ɗage takunkumin sayar da tumakin wasu gonaki ba sai 2012, bayan shekara 26. Iska ba ta neman biza. Dattawa za su tuna da lokacin da Faransa ta gwada bam ɗin nukiliya a Raggan cikin hamadar Aljeriya a 1960, abin da ya sa gwamnatin Abubakar Tafawa Ɓalewa ta kori jakadan Faransa a Janairun 1961.

To, ka ce ko abin zai iya iso ku har gida. Ta hanyar tasha dai a'a, tunda babu ita. Amma akwai wata ƙofa da ba ka tambaya ba, kuma ita ce ta fi kusa da kai.

Man da tashoshin nan ke ci, wani kaso nasa daga maƙwabtanmu ya fito. A Arlit, arewa da Agadas a Jamhuriyar Nijar, fiye da kilomita 700 daga Kano, kamfanin SOMAIR ya fara haƙar yuraniyam a 1971, COMINAK kuma a Akokan daga 1978 har aka rufe shi a Maris 2021. Shekara da shekaru ana kai shi Faransa, ƙasar da akasarin wutarta daga nukiliya take. A Yunin 2025 gwamnatin Nijar ta karɓe SOMAIR daga hannun kamfanin Orano na Faransa. Mutanen Arlit ba su taɓa ganin tashar nukiliya ba, amma su ne maƙwabtan tushenta. A ƙarshen 2003 wata ƙungiyar garin mai suna Aghirin'man ta gayyato masana na ƙungiyar CRIIRAD daga Faransa, suka tarar da tsofaffin ƙarafan ma'adinai masu fid da tiriri ana sayarwa a kasuwa. Irin waɗannan ƙarafa da bututu mutane ke saye su yi rufin ɗaki da kayan aikin gida. A 2009 ƙungiyar Greenpeace ta auna wani wuri a titin Akokan ta sami tiririn ya ninka na yau da kullum wajen sau 500, domin an yi cikon hanya da duwatsun da aka fitar daga rami. Kamfanin ya musanta wasu zarge-zargen, amma ya kwashe ƙasar wuraren da aka nuna. Ƙarfe kuwa, ka sani, ba ya zama wuri ɗaya. Daga hannu zuwa hannu, daga mota zuwa mota, har ya isa wurin maƙeri ko mai narka tukwane.

Ba daga ma'adinai kaɗai ba. Asibitocin ciwon daji, da kamfanonin haƙar mai, da masu gina hanya, duk suna aiki da wasu na'urori masu ɗauke da ɗan ƙanƙanin abu mai fid da tiriri a cikin kwanson dalma. A Disambar 2002 an sace irin waɗannan daga wani kamfanin aikin mai a yankin Neja Delta, daga baya aka gano su cikin tsofaffin ƙarafa a Jamus. Abin da ya faru a birnin Goyaniya na ƙasar Birazil a Satumbar 1987 ya kamata kowane ɗan gwangwan ya ji shi. Wasu mutum biyu suka shiga wani asibiti da aka bari kango, suka ciro kan wata na'ura, suka fasa, suka sayar wa mai sayen tsofaffin ƙarafa. Da dare ya ga wani gari a ciki yana walƙiya shuɗi. Ya ɗauka abin arziki ne, ya kai gida, ya rarraba wa 'yan'uwa da abokai. Wata yarinya 'yar shekara shida ta yi wasa da shi, ta ci abinci ba ta wanke hannu ba. Mutane suka shiga amai da gudawa, hannuwa suka kumbura, likitoci suka ɗauka wata cuta ce daban. Sai da matar mai shagon ta lura tun ranar da abin nan ya shigo gida ba a ƙara lafiya ba, ta sa shi a jaka ta hau bas ta kai wa hukumar lafiya. Mutum huɗu suka mutu, har da ita da yarinyar. An auna mutum dubu 112, aka sami 249 da gubar a jikinsu, aka rushe gidaje. Siziyam ɗin da ya yi wannan aiki bai cika tafin hannu ba. Wanda ya tuna da gubar dalma ta Zamfara a 2010, inda aka riƙa kai dutsen zinariya cikin gida ana daka har yara ɗaruruwa suka mutu, ya san yadda neman halal ke shigo da ajali idan ba a san abin da aka ɗauko ba.

Saboda haka, Malam, ka isar da wannan ga matasan garinku masu tura baro suna sayen gwangwan, da masu zuwa ci-rani arewa. Alamar da ake bugawa a jikin irin wannan kaya tana kama da fanka mai fukafukai uku, baƙa ko ja-ja, a kan rawaya. Wani lokaci alamar ta goge. To, duk ƙarfen da aka ga ƙarami ne amma nauyinsa ya wuce kima, ko an lulluɓe shi da dalma, ko yana da ɗumi ba a rana yake ba, kada a fasa, kada a sa a aljihu, kada a kai ɗaki. A matsa nesa, a hana yara zuwa, domin nisa shi ne babban magani: idan ka ninka tazararka sau biyu, abin da ke isowa jikinka ya koma kashi ɗaya cikin huɗu. A sanar da dagaci da 'yan sanda, su kuma su nemi Hukumar Kula da Harkokin Nukiliya ta Nijeriya da ke Abuja, wadda dokar 1995 ta kafa domin irin wannan. Idan kuma mutum biyu ko uku da suka taɓa kaya ɗaya suka kama amai, ko ƙuna ta fito masu ba wuta ba ruwan zafi, a gaya wa likita maganar ƙarfen tun kafin ya tambaya, don ba lalle ne tunaninsa ya kai can ba.

Ragowar tambayarka, ta maganin ƙwari da ake zuba wa wake a rumbu, mun ajiye ta sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu, tare da takardun da suka zo mana daga Bichi da Minjibir.